Shekara Biyar a Bencin Baya

A ƙauyukan da ke tsakanin Malumfashi da Funtuwa, har gobe akwai rumbunan ƙasa da in ka tambaya za a ce maka, “Wannan ai hannun Sulemanu ne.” Masu faɗin ciki ne da ɗan siririn wuya, a zaune daram bisa duwatsu don kada gara ta hau. Wanda ya gina su manomi ne kamar kowa, dawa da auduga da 'yar gyaɗa, amma da ruwa ya ɗauke sai ya rataya jakarsa ya bi ƙauyuka. Ba ya awo da igiya, idonsa ya ishe shi. Ƙa'idarsa ɗaya ce, kuma a kanta ya sha faɗa da masu gaggawa: ba ya ɗora fiye da taƙi biyu a rana, sai ƙasar jiya ta sha iska ta yi ƙarfi sannan ta yau ta hau kanta. In ka matsa masa sai ya wanke hannunsa ya ce ka nemi wani. Shekarun da takin zamani da masara suka cika yankin, wajen 1976, har layi ake yi masa.

Ba da sunan Sulemanu ya tashi ba. Nomau uwarsa ta raɗa masa, a Gidan Mati, wani babban gidan Maguzawa. Uwar tasa, Tsohuwa, ta yi suna wajen dafa giya, kuma shi ma da ƙuruciya bai yi wa tukunyarta da sauƙi ba. Gyambo ne ya kai shi ɗakin maganin mishan. Ya yi wata huɗu a can, ƙafa ta warke, ya fito da karatu da sabon addini. Aka yi masa baftisma a rafi rana ɗaya da abokinsa Ishaya, suka kwashi iyalansu suka koma kusa da majami'a, wurin da ake kira Sabon Gida, tafiyar awa guda daga gidansu na haihuwa. A wajen waɗannan tubabbu na farko, barin giya shi ne iyakar da ta raba da da yanzu. Mutum ya yi rowa ko ya yi gulma, sai a ce a bi shi a hankali. Amma in aka ji warin giya a bakinsa, to an gama magana, ya koma inda ya fito.

Matarsa Rahab gajeriya ce, mai sana'ar daddawa, kuma Allah ya yi mata baki. Shi sai ya wuni bai yi magana goma ba, ita kuwa takan yi nata ta yi nasa. Mutane kan ce da ba don Rahab ba da ba a san muryar gidan ba. Sun haifi shida, uku suka rayu: maza biyu suna aiki a Kaduna, sai autarsu Susana da ke aikin jinya a Malumfashi. Shekara ashirin da 'yan kai Sulemanu yana dattijon ikilisiya, yana zama a bencin gaba, kafaɗarsa na gogar ta Ishaya. In ana jibin Ubangiji, wato rabon gurasa da abin sha ga masu bi a majami'a, shi ke zagawa da kofi.

Abin ya faro da ƙananan abubuwa, irin waɗanda ake dariya a wuce. A daminar 1979 ya nemi fartanya har ya yi fushi, alhali tana kafaɗarsa. Wata rana ya kira Susana da sunan ƙanwarsa da ta mutu tun kafin a haifi yarinyar. Rahab ta yi ta tsokanarsa, tana cewa in ya manta da sunanta ita ma to ya nemi mai yi masa tuwo. Dariyar ta tsaya ne da kakar shekarar, a Mahuta. Wani Alhaji ya kira shi ginin rumbu. Sulemanu ya ɗora taƙinsa biyu da safe, ya wanke hannu, ya ci abinci, ya tashi ya sake ɗora biyu don ya manta ya yi na ranar. Da la'asar ya ƙara. Ɗanyar ƙasa ta kasa ɗaukar kanta, ginin ya zube a gaban mutane. Wani daga cikin 'yan kallo ya ce wannan ai aikin mashayi ne. Wasa yake yi, amma maganar ta riga Sulemanu isowa gida.

Sai kuma tafiyar Asabar. Duk ranar Asabar da hantsi sai ya saka hularsa ya fita ba sallama, ba ya dawowa sai rana ta yi sanyi. Yakan dawo yana tangaɗi don gajiya, yana rera waƙoƙin gayya na da waɗanda rabon Rahab da jin su tun tana amarya. Rigarsa kuwa warin hayaƙi da tsamin giya. In ta tambaye shi ina ya je, sai ya dube ta da gaskiyarsa ya ce yana gona. Ran nan ta bi shi daga nesa. Gidan Mati ya nufa, bai ɓata hanya ko sau ɗaya ba. Ya shiga ya zauna kan wani dutse a ƙofar tsohon ɗakin uwarsa, wadda ta shekara goma sha biyar a ƙasa. Yanzu a wannan ɗakin Hajo, matar ƙanensa, ke dafa giyarta, kuma Asabar ce ranar cinikinta. Maza sun kewaye shi suna miƙa wa juna ƙwarya, shi kuwa ya ɗora hannu a gwiwa yana kallon ƙofa.

Hajo ta jawo Rahab gefe ta ce, “Yaya, kullum haka yake. Ya zo ya zauna ya ce Inna ta tafi rafi, yana jiran ta. Ko ruwa sai na matsa mashi yake sha.”

Rahab ta koma gida. Ba ita kaɗai ke da ido ba. Kafin wata ya ƙare mutum uku sun kai wa Fasto labari.

Dattawa suka zauna a gindin darbejiyar majami'a, kuma Ishaya aka ɗora wa tambaya, don a ganinsu daga bakin aboki abin zai fi sauƙi. Rahab na tsaye can gefe, tun da ba a hana ta saurare ba.

“Ɗan'uwa, ka je Gidan Mati ranar Asabar?” in ji Ishaya.

“Ban je ba.”

“Ka tuna dai. Mutum uku sun gan ka a zaune cikin masu sha.”

“Ni? Rabona da gidan nan tun bikin ɗiyar Sanda.” Sanda shi ne ƙanen nasa, kuma bikin ya shekara shida.

Ishaya ya sunkuyar da kai. Da shan ne kaɗai, da da sauƙi, amma ga ƙarya a kai, a gaban dattawa. Rahab ta kutsa ta ce mijinta ba shi da lafiya, kansa ne ke rikicewa. Wani dattijo ya ce sun san gigin tsufa, sun ga kakanninsu, amma ba a taɓa ganin gigin tsufa ga mutumin da bai wuce sittin ba, wanda ke saɓa buhun dawa shi kaɗai. Kuma wane irin gigi ne wannan da ya san ranar Asabar, ya san hanyar gidan giya? Maganar ta zauna wa kowa. Washegari Hajo ta tako da ƙafarta har Sabon Gida, ta tsaya a waje don ba ta shiga majami'a, ta rantse da duk abin da ta sani cewa ko ɗigo bai taɓa sha ba. Aka yi mata godiya aka sallame ta. Bayan ta tafi aka ce mai giya ai ba za ta tona asirin mai saye ba.

A farkon 1980 aka sa Sulemanu a horo. Ma'anarsa a sauke shi daga dattijo, a hana shi jibin Ubangiji, ya koma bencin baya kusa da ƙofa, inda ake zaunar da masu laifi, har ranar da zai tashi gaban jama'a ya amsa laifinsa ya nemi gafara. Ba wani dogon abu ba ne a al'ada. Wata uku, in ya yi tsanani wata shida, mutum ya tashi ya yi magana biyu, mata su yi guɗa, a wuce wurin. Amma yaya mutum zai amsa abin da bai san ya yi ba? Ranar Lahadin farko ya nufi bencin gaba kamar kullum, sai da mai tsaron ƙofa ya kamo hannunsa ya mayar da shi baya. Ya zauna yana waige-waige. Lahadi ta biyu ma haka, ta uku ma haka. Kowane mako sabuwar kunya ce a wurinsa, don bai san da ta makon jiya ba. Rahab ta bar layin zumuntar mata ta koma can baya, tana zama daidai inda zai gan ta.

Susana ce ta ce a kai shi babban asibiti a Zariya, ta ji ana ɗaukar hoton cikin kai. Suka je a 1981, bayan an sayar da auduga. Aikin ba na wasa ba ne. Sai da aka soka masa allura a ƙashin baya aka zuƙe ɗan ruwa, aka tura iska a madadinsa, don iskar ta hau ta cika ramukan da ke cikin ƙwaƙwalwa su fito a hoto. Ya kwana uku yana amai, yana riƙe kai yana kiran uwarsa. Rahab ta jure, a ranta tana cewa in dai za ta koma da shaida, to wahalar ba ta faɗi a banza ba.

Likitan ya ɗaga baƙin hoton a gaban fitila, ya nuna mata wasu wurare biyu a tsakiya masu kama da ganyen wake. Yana magana Susana na fassarawa. Ya ce ramukan sun ɗan yi faɗi, amma mutum ɗan sittin yana iya zama haka lafiyarsa ƙalau. Yana iya zama farkon ciwon mantuwa, inda ƙwaƙwalwa ke ƙanƙancewa a hankali. Kuma yawan shan giya ma yana kawo haka. Susana ta yi jinkiri kafin ta fassara wannan na ƙarshen, amma uwar ta riga ta karanta a fuskarta.

“Ki ce mashi mijina ba ya sha!”

Likita ya ce bai ƙaryata ta ba, hoto ɗaya ne ba ya yanke hukunci. Sai an sami na baya an gwada da na farko. Su koma gida, a tabbata ko kusa da giya bai je ba, bayan shekara uku su dawo. In giya ce, ramukan za su tsaya inda suke. In suka ci gaba da buɗewa, to ciwo ne.

Ta je neman shaida ta dawo da sharaɗi.

Da suka dawo Ishaya ya zo gaishe su. Ya zauna a zaure ya yi ta murza hularsa, sannan ya ce, “Uwar Susana, ki ji tausayin shi. Yanzu duk abin da kika ce ya faɗa zai faɗa. Ki koya mashi ya tashi ran Lahadi ya ce na yi kuskure, ku gafarce ni. Magana biyu ce. Ni da kaina zan kamo hannun shi in maido shi gaba.”

Gaskiya ne, a lokacin Sulemanu ya zama sai abin da ta ce. Rahab ta daɗe tana kallon mijinta, yana tsakar gida yana mulmula ƙasa a hannu ba tare da ya san me zai yi da ita ba.

“Baban Mairamu,” ta ce, don da sunan 'yarsa ta fari take kiran Ishaya, “shekara talatin mutumin nan bai ɗanɗana ba. Ka fi kowa sani, tare kuka shiga ruwa. Yanzu don bakin shi ya zama nawa sai in sa mashi ƙarya a ciki? In ya mutu a ce ga dattijon da ya koma giya ya tuba? Ba da ni ba. Ku dai ku zuba ido. Daga yau in wani ya sake ganin ƙafar shi a hanyar Gidan Mati, ni ku sa ni a horon.”

Ta cika alkawari, kuma cikawar ce ta fi komai ciwo. Ta bar cin kasuwa, sai dai masu son daddawa su biyo ta gida. Ta sa aka yi wa zaure ƙyaure mai sakata. Sauran kwanaki da sauƙi, yakan bi ta gona, ta ba shi tsinkar wake ko korar awaki. Amma Asabar, ko ta yaya jikinsa ke sanin ranar, oho. Da hantsi ya yi sai ya ɗauki hula ya nufi ƙofa. In ya tarar da ita a rufe sai ya tsaya yana bugawa a hankali, da ladabi, kamar baƙo.

“Ki buɗe mani, Inna ta kusa dawowa.”

“Gobe, Maigida. Gobe za mu je tare.”

Ta yi masa wannan goben ta fi sau ɗari. Wani lokaci ya haƙura, wani lokaci ya zauna a ƙasa ya yi kuka da hawaye, ƙaton mutum mai furfura. Sau ɗaya ya ture ta ta faɗi kan turmi, ta yi sati tana ɗingishi, ta ce wa maƙwabta santsi ne. Susana ta roƙe ta ta ƙyale shi ya je, tun da can ne kaɗai hankalinsa ke kwanciya. 'Ya'yansu na Kaduna suka aiko cewa a bar maganar majami'a, Allah ai ya san gaskiya. Rahab ta ce Allah ya sani, amma Sabon Gida ba ta sani ba, kuma a Sabon Gida za a binne shi. Taurin kai ne, ba shakka. Sai dai wanda bai taɓa zama a bencin baya yana kallon ƙeyar mutanen da mijinsa ya koya wa karatu ba, bai kamata ya yi saurin ba ta laifi ba.

Cikin shekaru ukun nan abubuwa suka yi ta zubewa daga kansa ɗaya bayan ɗaya. Karatu ya tafi. Sunayen 'ya'yansa suka tafi. Aka wayi gari in an ce Sulemanu ba ya waiwayowa, sai an ce Nomau. Rahab, wadda tun aurensu ba ta taɓa kama sunansa ba, dole ta koyi kiransa da sunan da ya bari a bakin rafi. A shekara ta uku ya daina zuwa ƙofa ranar Asabar. Ta ji sanyi a ranta, ta ɗauka ya haƙura ne.

Da rani a 1984 suka koma Zariya. Likitan ya dubi Sulemanu, ya tambaye shi sunansa da garinsu, ya ba shi cokali ya ga yana jujjuya shi. Sai ya ce wa Susana ba sai an sake hoto ba, ciwon ya bayyana, ko makaho ya gani. Hoton ba magani ba ne, wahala kawai zai ƙara masa. Zai rubuta musu takarda.

“Ki ce mashi takarda kowa na iya rubutawa,” in ji Rahab. “Shi da bakin shi ya ce hoto biyu. Na tsare mutumin nan shekara uku kamar ɗan fursuna saboda maganar shi. Dattawanmu da ido za su gani.”

Likita ya dubi Rahab, ya ce to. Aka sake allurar, aka sake iskar. Wannan karon Sulemanu bai kira kowa ba, nishi kawai yake yi. Rahab ta zauna a bakin gadon tana goge masa baki, tana ba shi haƙuri, ba ta sani ba ko yana ji. A nan ne karo na farko ta tambayi kanta ko don shi take yi ko don kanta.

Da aka jera hotunan biyu, ko ita da ba ta yi boko ba ta ga bambanci. Wuraren nan biyu masu kama da ganyen wake sun buɗe sun kusa ninka na da. Likita ya ce naman ƙwaƙwalwar ne ke janyewa yana barin fili, kuma ba shi da magani. Ya ce ciwon ya daɗe da farawa, tun kafin kowa ya lura, kuma masu irinsa sukan manta jiya su riƙe ƙuruciya, shi ya sa suke neman gidan da aka haife su. Susana na fassarawa tana kuka. Rahab kuwa cewa ta yi a saka mata hotunan a ambulan mai kauri kada su lanƙwashe.

A gindin darbejiyar nan dai aka sake zama. Susana ta karanta takardar likita ta juya ta da Hausa, sannan ta ɗaga hotunan biyu sama, rana na ratsa su. Dattawa suka matso ɗaya bayan ɗaya suna ƙanƙance ido. Rahab ta tambaye su ko akwai wanda ya ga mijinta a hanyar Gidan Mati cikin shekara uku. Babu. Ta tanadi maganganu masu zafi tun shekara huɗu, ta jera su, ta san wanda za ta fara da shi. Amma da ta ga Ishaya ya rufe fuska da hula yana kuka, sai ta haɗiye su, ta karɓi hotunan ta mayar cikin ambulan. Fasto ya ce ikilisiya ta yi kuskure, kuma a gaban jama'a aka yi horon, a gaban jama'a za a janye shi.

Sai da aka jira zaman majalisar ikilisiyoyin gunduma, don haka abin bai tabbata ba sai Lahadin Ista ta 1985. Rahab ta yi masa aski, ta saka masa farar rigarsa. Majami'a ta cika har waje. Fasto ya yi bayani, ya nemi gafarar Sulemanu da ta iyalinsa da sunan kowa. Ishaya ya tako har bencin baya ya kamo hannunsa, suka taho a hankali ta tsakiyar jama'a, mata na guɗa, wasu na share hawaye. Sulemanu na ta murmushi yana gaida mutane hagu da dama, ga alama ya ɗauka biki ake yi. Aka zaunar da shi a wurinsa na da. Aka bar Rahab ta zauna a bayansa.

Aka zo jibi. Gurasa ta zagayo, Rahab ta gutsura ta sa masa a baki, ya tauna. Sai kofi, babban kofin silba da jan zoɓo a ciki, yana tafiya daga hannu zuwa hannu a layin maza, kowa ya kurɓa ya miƙa wa na kusa. Sulemanu ya bi shi da ido tun daga farkon layi. Murmushin ya ɗauke. Da Ishaya ya kurɓa ya miƙo masa, sai ya janye jiki, ya sa bayan hannu ya kare bakinsa.

“A'a,” ya ce, da ƙarfi yadda har na waje suka ji. “Ku dai ku sha abinku. Ni na bari. Ni mai bi ne yanzu.”

Ishaya ya tsaya da kofi a hannu. Rahab ta sunkuya ta ce, “Nomau, karɓi, na Ubangiji ne.” Ya girgiza kai, ya damtse leɓe. Fasto ya yi wa Ishaya alama ya wuce da kofin. Daga ranar ba a sake samun wanda ya yi shakkar Sulemanu ba a Sabon Gida, kuma har ya bar duniya bai karɓi kofin ba.

Asabar ɗin da ta biyo baya Rahab ta zare sakatar zaure da kanta, ta saka masa hula, ta ce yau ce goben. Tafiyar awa guda ta ɗauke su awa uku, suna yi suna hutawa a inuwa. Hajo ta hango su ta taho da gudu, ta share dutsen nan na ƙofar ɗaki da bakin zanenta, ta kori masu sha suka koma bayan gida. Aka zaunar da shi. Ya dubi ɗakin, ya dubi Hajo, ya dubi Sanda ƙanensa da ya durƙusa yana gaishe shi, ya amsa musu da ladabi irin na baƙon da ya sauka gidan da bai sani ba. Bai kalli ƙofar ba ko sau ɗaya. Can ya jawo gefen mayafin Rahab ya yi ƙasa da murya.

“Baiwar Allah, mutanen nan suna da kirki, amma mu tafi. Ki taimaka ki kai ni gidanmu, Inna na jira na.”

Rahab ta buɗe baki za ta ce masa ai nan ne, ga ɗakin, ga dutsen. Sai ta fasa. Ta zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa ta yi kukan da ta hana kanta shekara biyar, shi kuma yana ɗan bubbuga kafaɗarta yana cewa ta yi haƙuri, ko wani ne ya mutu mata.

Ya rasu da damina a 1986. An binne shi a layin dattawa, Ishaya ne ya yi addu'a a bakin kabari. Rahab ta rayu shekara tara bayansa. In zance ya biyo ta kansa takan ce ta wanke sunan mijinta tas, wannan ko a gaban wa za ta faɗa. Sannan ta ce amma da ma ta buɗe masa ƙofar ko da Asabar ɗaya ce, lokacin da ya san hanya.